Ƙafar da Ba Ta Ji Basilla Ba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa mini. Shi ya sa tun ina rarrafe bai taɓa kiran sunana ba, don bakinsa ba ya iya furta sunan wadda ta haife shi. "Uwata" yake ce mini. In faɗi gaskiya, wannan kiran shi ya ɓata ni. Yarinyar da ubanta ke ce wa uwata, wa ya isa ya tsawata mata? Na tashi da baki, na tashi da iko. In na ce yau ba za a dafa wake a gidan nan ba, to ba za a dafa ba, ko da an riga an jiƙa shi. Ƙannena sun fi tsoron harshena a kan bulalar malam. Inna ma da ta haife ni, in ta ga na haɗe rai sai ta ce, "To, ga gwamnan Damagaram nan ta fito," ta kama bakinta. Ko da na yi aure na koma unguwar Zango, na kama aikin buga takardu a biro, wato ofis, ban sauke mulkin ba. Kullum in na tashi daga aiki sai na biya ta Birni, unguwar iyayena, na duba abin da aka yi ba da izinina ba.

Baba baduku ne. Zauren da yake aiki a ciki, nan kakansa ya zauna tun zuwansu daga Barno. Yana yin gafaka da kube da matashin fata, amma takalmi ne sana'arsa ta gaske. In ya kalli ƙafarka sau ɗaya ya gama awo. Kayan aikinsa a cikin wata tsohuwar gafaka suke, kuma a cikinsu akwai basillar da yake huda kirgi da ita, doguwa, mai ƙotar itace da gumin hannunsa ya mayar baƙa ƙirin. Mutum ne marar ƙorafi. Ina ƙarama na ga wuƙa ta zame ta tsaga masa babban yatsa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da ɗinki, ko uffan bai ce ba. Da ina da hankali da na tuna wannan daga baya, amma ban tuna ba.

Ciwon sukari ya kama shi yana dab da sittin. Aka hana shi shayi mai zaƙi, aka ɗora shi a kan ƙwayoyi, ya yi shekaru yana lallaɓawa. Daga nan sai ƙafa ta fara. Wata rana na shigo zaure na tarar ya naɗe wando har gwiwa, ya ɗora ƙwaurinsa a kan kifaffen turmi, tafin ƙafafunsa suna reto a iska.

"Baba, wannan kuma wane sabon zama ne?"

"Uwata, wuta ce. Kamar na taka garwashi na kasa ɗagawa."

Na duba ƙafa, lafiya lau. Ba kumburi, ba ja, ba komai. Na kai hannu zan taɓa, ya janye da sauri har turmin ya mirgina.

Daga yatsu abin ya fara, ya ci tafin ƙafa, ya hau idon sawu. Ya zamana in Inna ta gitta gefen zanenta ya shafe shi, sai ka ji dattijo ya yi ƙara kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Mayafi ba ya rufar masa ƙafa. Ruwan alwala sai ya cije leɓe kafin ya zuba. Takalmi kuwa ya gagara gaba ɗaya. Ku ji fa, mutumin da rabin unguwa ke yawo a cikin ɗinkinsa, shi ya koma ba ya iya sa ko silifa. Ya daina fita masallacin Juma'a, ya daina zuwa suna da ɗaurin aure. Inna ta ƙunsa masa lalle, ta shafa man shanu, ta kawo ruwan randa mai sanyi, aka karɓo rubutu. Duk a banza.

Ni na kai shi gidan likita, wannan kam ba zan hana kaina ba. Lokotoron, wato likitan, wani siriri ne mai tabarau, marar yawan magana. Ya tattaɓa ƙafar da wani ɗan tsinken roba, ya yi tambayoyi, ya rubuta takardar magani ya miƙo mini. Na mayar da Baba gida, na wuce farmasi. Layi ya yi tsawo, kuma a bayana akwai wata mata 'yar lungunmu, wadda in ta ji magana da safe, kafin azahar ta kai ta kasuwa. Mai sayar da maganin ya karanta takardar, ya ɗago kai, ya ce da ƙarfi kamar mai shela, "Hajiya, wa ke da farfaɗiya a gidanku?"

Na ce, "Farfaɗiya? A gidan uban wa?"

Ya ce shi dai wannan magani masu farfaɗiya ya saba ba wa.

Ina da ƙanne mata biyu a gida ba su yi aure ba. A garin nan in aka ce akwai farfaɗiya a zuri'a, wa zai ƙara aiko da goro? Na fizge takardar na ce lokotoro ya yi kuskure, na fita ina surfa masa zagi a zuci. A bakin ƙofa na yayyaga ta na watsa a kwata. Da na koma gida na ce wa Baba an duba ko'ina ba a samu maganin ba. Ya ce, "To, Allah Ya kawo sauƙi." Bai ƙara tambaya ba.

Daga nan zargi ya fara shiga raina. Wata rana ya taso daga zaure ya ratsa tsakar gida a hankali, yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙwai, sai Inna ta ce, "Malam, tsaya, mene ne wannan a dugaduganka?" Ƙaramar ƙusar takalmi ce ta shige har kanta. Ta zare masa, shi bai ma san da ita ba. Na ce a raina, af, mutumin da gefen zane ke sa shi ihu, shi ne ƙusa ta shige shi bai sani ba? Ga shi kuma lokacin kasuwar dukanci ta mutu, takalman roba sun cika gari, sai ya yi sati ba wanda ya leƙo zauren. Na haɗa wannan da wancan na yanke hukunci ni kaɗai: kunya ce ke damun Baba. Sana'a ta ƙare, ba ya son haɗa ido da tsararrakinsa, ya samu ciwon da ba a gani ya ɓuya a bayansa. Har wani daɗi na ji da na gano haka, don ni a ganina ba mai wayona.

Ana cikin haka surukina, mahaifin mijina, ya rasu a ƙauyensu, Tirmini. Baba bai je jana'iza ba. Bai je sadakar uku ba, bai je ta bakwai ba. Ya aiki ƙanena, wanda ke bi mini, da buhun gero da saƙon gaisuwa. Amma gero ba ya zama a kan tabarma ya ɗaga hannu a yi addu'a da shi. Mutanen Tirmini suka lura. Ran bakwai muna cikin gida da mata, yayar mijina ta dube ni a gaban kowa ta ce, "Ashe dukawan Birni sun fi ƙarfin gaisuwar ƙauye. Ba komai, mu ma mun gode da gero." Mata suka sunkuyar da kai. Ni da ba a taɓa faɗa mini magana ta kwana ba, ran nan na haɗiye wannan. Mijina kuwa bai ce komai ba, ko a hanya, ko a gida, kuma shirun nasa ya fi maganar yayarsa ci mini rai.

Na rantse a raina ran sadakar arba'in sai Baba ya je Tirmini da ƙafarsa, da takalmi, kowa ya gan shi.

Na roƙe shi, ya ce ba zai iya ba. Na yi faɗa, ya ce, "Uwata, da zan iya ai ba sai kin ce ba." Ana saura kwana biyu na bar biro da wuri na nufi Birni. Zafi ake yi irin wanda ko awaki sun laɓe a gindin katanga. Na tarar da shi ya yi azahar, barci ya ɗauke shi a zaure, ƙafafunsa sun wuce bakin tabarma suna kan turmin nan. Na shiga cikin gida na kira Inna da ƙanena. Na ce su zo su tsaya su gani da idonsu, don kada gobe a ce na yi wa ubana ƙazafi.

Na buɗe gafaka na ɗauko basilla.

Inna ta ce a hankali, "Ke, me za ki yi?"

Na ce, "Ki zuba ido kawai."

Na durƙusa. Na sa bakin basillar a tafin ƙafarsa ta dama, a ƙarƙashin babban yatsa, na ɗan danna. Bai motsa ba. Na ƙara dannawa har fatar ta loma. Minsharinsa bai ko canza ba. Wallahi a nan ya kamata in tsaya, na riga na ga abin da na zo gani. Amma maganar yayar mijina tana kunnena, sai na tura da ƙarfi, kamar yadda na sha ganin yana yi wa kirgi. Na ji ta shige. Da na zare, jini ya taru ya gangaro. Baba yana ta barcinsa.

Na tashe shi da kaina. "Baba! Baba, tashi ka ga ikon Allah."

Ya farka a firgice yana salati. Na nuna masa basillar, na nuna masa jinin da ya ɗiga a kan turmi. Ya kalli basilla, ya kalli jini, ya karkato ƙafar ya leƙa.

"Ban ji ba," in ji shi.

"Na san ba ka ji ba! Ai maganar ke nan! Ƙarfe ya shige ka ba ka ji ba, amma zanen Inna ne ke kashe ka? Haba Baba! Shekara nawa kana wahalar da baiwar Allahn nan da lalle da man shanu? Ka sa an mayar da ni abin dariya a gidan miji saboda ciwon da babu shi!"

"Uwata, wallahi wutar tana nan. Yanzu haka tana nan."

"To ta ci gaba da zama, a cikin takalmi za ta je Tirmini."

Inna ta ce, "Ke, ubanki ne fa." Amma muryarta ba ƙarfi, kuma na ga yadda ta kalli jinin nan. Ita ma shakka ta shige ta. Ƙanena ya juya ya fita. Baba ya dubi matarsa, ya daɗe yana dubanta, ita kuwa ta kau da kai. Wannan ne ya karya shi, ba ihuna ba. Ya sa tsumma ya goge basillar tas, ya mayar da ita gafaka, ya ce, "To. Jibi ki zo da mota."

Ran sadaka ya sa aka ɗauko masa wani jan sau-ciki da ya taɓa ɗinka wa kansa don bikin salla. Sa takalmin nan ya ɗauke shi lokacin da mace za ta dama fura ta gama. Yana turawa yana tsayawa, zufa na zuba daga ƙarƙashin hularsa, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Ni ina tsaye a kansa da mayafina da turarena. Da ƙafa ta biyun ta shiga na ce, "Ka gani? Ga shi ba ka mutu ba."

Daga bakin titi zuwa gidan rasuwar akwai 'yar tafiya a cikin rairayi. Ya yi ta. Ina bayansa ina kallon yadda yake ɗaga ƙafa, ina cewa a raina ko yanzu wasan bai ƙare ba. Ya gaisa da kowa, ya zauna cikin dattawa, aka yi addu'a, aka raba waina da goro. Ni ina cikin gida kaina a sama. Yayar mijina ta zo ta ce, "An ce Malam ya iso, ya kyauta." Na ce, "Ai dukawan Birni sun san hanyar ƙauye." Ran nan na ci tuwo har da ƙari. A hanyar dawowa na waiga na ga Baba ya cusa gefen babbar rigarsa a baki ya cije, idonsa a rufe, hawaye na bin gemunsa. Na mayar da fuskata wajen taga na ci gaba da kallon gonaki.

Tun daga ranar bai ƙara cewa ƙafa ba. Ko sau ɗaya. In zanen Inna ya shafe shi sai dai ka ga ya runtse ido ya haɗiye. Ya daina neman lalle, ya daina neman ruwan randa, ya koma yin alwala shi kaɗai a bayan ɗaki. Ni kuwa har alfahari nake yi. Na ce wa ƙannena, "Kun gani? Abin da lokotoro ya kasa, na yi shi da basilla ɗaya." Ba wanda ya ƙara duba tafin ƙafar nan. Da can ba ya bari a taɓa, yanzu kuma ba ya roƙon kowa komai, shi kansa kuma ramin ba ya masa ciwo balle ya tuna masa.

Wari ya fara tashi a zaure. A wani gidan da tuni an bincika, amma gidan baduku ne, mun tashi cikin warin fata. Inna ta ce wani kirgi ne majema ba su jeme da kyau ba, ta sa aka fitar da fatu rana. Wari bai tafi ba. Na zo na ce ɓera ne ya mutu a cikin kaya, na yi ta masifa a kan ƙazanta, na sa aka share zauren kaf, Baba yana zaune a tsakiya ana zagaye shi da tsintsiya. Sai da zazzaɓi ya kwantar da shi yana sambatu, sannan ƙanena ya ɗaga ƙafar ya juya ta. Ya saki salati. Na leƙa. Wurin da na soka ya zama rami, gefensa baƙi, yatsu biyu sun yi launin gawayi, kumburi ya hau har ƙwauri.

A gidan likita lokotoron nan mai tabarau muka sake samu. Ya daɗe yana duba ramin. Ya ce, "Wannan huda ce, mai zurfi, a miƙe. Me ya shige ka, Malam?"

Inna ta kalli ƙasa.

Baba ya ce, "Basilla na taka. Baduku ne ni."

Lokotoro ya gyaɗa kai yana rubutu. Sannan ya ce, "Maganin zafin da na rubuta maka kwanaki, ya ɗan taimaka?"

"Ai ba a samu ba."

"Ba a samu ba? Wannan ai ba ya yankewa a farmasi."

Baba ya juyo da kansa a kan matashi ya dube ni. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Lokotoro ba yaro ba ne, ya ga kallon. Da aka tura Baba ɗakin wankin ciwo ya ce in biyo shi nasa biron. Ko a nan bakina bai mutu ba. Tun kafin ya fara na tare shi. Na ce, "Lokotoro, ka gaya mini gaskiya don Allah. Ƙafa ɗaya, ta ji zane har mutum ya yi ihu, amma ta kasa jin ƙarfe? Wannan wane irin ciwo ne?"

Ya juya wata takarda ya ja dogon layi a bayanta. Ya ce wannan jijiya ce, irin wadda ke kai labari daga ƙafa zuwa kai. Ya ɗiga ƙananan alamu a jikin layin. Ya ce jikin kowace jijiya cike yake da 'yan ƙofofi, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. In abu ya taɓa ƙafa sai su buɗe, gishirin da ke cikin ruwan jiki ya ruga ciki, wannan rugawar ita ke tayar da 'yar wuta mai kama da ta lantarki, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa, mutum ya ce wash. Nan take su rufe. Akwai kuma wasu ƙofofin daban da ke fitar da wani irin gishirin waje, su ne ke kwantar da jijiya ta yi shiru.

Ya ce sukari in ya daɗe yana cin jijiyoyi, dogayen yake fara ci, na ƙafa, daga can ƙarshensu. Wasu su mutu sarai. Inda suka mutu, ko wuƙa aka sa mutum ba zai ji ba. Wasu kuma ba su mutu ba, sun dai ji rauni, kuma su ne masifar. Jijiyar da ta ji rauni sai ta shiga ƙera ƙofofin shigar gishiri fiye da kima, har da irin waɗanda ba ta saba yi ba, ta tara su a wurin raunin. Ƙofofin kansu su canza hali, abu kaɗan ya buɗe su, in sun buɗe su yi nawar rufewa. Masu kwantar da ita kuma su ragu. Sai ta yi ta aika labarin wuta ba dare ba rana, alhali ba abin da ya taɓa ta. In abin ya daɗe, ita kanta hanyar da ke karɓar saƙon a gadon baya ta rikice, shafar zane ma ta karanta ta a matsayin ƙuna.

"Matattu da masu ihu a ƙafa ɗaya suke zaune, Hajiya," in ji shi. "Rashin jin ƙarfen nan ba shaidar lafiya ba ce. Ita ce babbar shaidar ciwon."

Na ce da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba, "To maganin farfaɗiya fa?"

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce irin ƙofofin nan akwai su a ƙwaƙwalwa, in suka rikice a can su ke kawo farfaɗiya, in suka rikice a ƙafa su kawo ƙuna. Maganin aikinsa ɗaya, ya hana su yawan buɗewa. Ba ya warkarwa, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba, amma da yawa suna samun barci da shi, wasu har su sa takalmi. Ya mayar da tabaransa. Bai tambaye ni ina takardar ta shiga ba, ni ma ban faɗa ba.

Yatsu biyu aka fara cirewa. Bayan kwana shida baƙin ya ci gaba da hawa, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ni na sa hannu a takardar, don ni ce mai iya karatu da rubutu da iko da komai. Mutanen Tirmini suka zo dubiya mota guda. Yayar mijina ta riƙe hannuna tana cewa, "Allah sarki, ashe da gaske ba shi da lafiya, kuma ya daure ya zo mana." Na ce mata na gode.

Na koma farmasin nan, shi dai wancan, na miƙa sabuwar takarda. Na tsaya ina jiran mai maganin ya sake tambaya in ba shi amsa kowa ya ji. Bai ma ɗago kai ba, ya ƙunsa ya miƙo. Ƙafar hagu ta ɗan yi sauƙi da maganin, har Baba ya iya barin mayafi ya rufe ta. Duk ranar da na ga mayafin nan a kanta sai in tuna takardar da na watsa a kwata.

Na koma kamar baiwa a gidan. Ni ke kai shi wankin ciwo, ni ke dafa masa abin da aka yarda ya ci, ni ke duba tafin ƙafar hagu kullum da tocila, tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Yana miƙo mini ita ba musu. In na kawo abinci ya ce an gode. In na yi sallama ya amsa. Bai taɓa tayar da maganar ba, bai gaya wa kowa ba, ni kuma kullum sai na shirya neman gafara tun daga biro, in na iso ƙofar zaure sai ta maƙale. Na lura dai ya daina kirana. In yana son abu sai ya jira in dubo shi, ya nuna da hannu.

Wata rana bayan la'asar, watanni da yankan, na shigo na same shi zaune a tabarma, zufa ta jiƙa masa riga. Ya zuba ido a kan tabarmar, daidai inda ƙafar dama za ta kai da tana nan. Hannunsa yana kai wa wurin yana dawowa. Lokotoro ya riga ya gargaɗe ni cewa hakan na faruwa, bakin jijiyar da aka yanke shi ma yakan tara ƙofofin nan, ya yi ta kawo labarin ƙafar da aka riga aka binne.

Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tana ƙuna. Babban yatsan."

Na zube a gabansa. "Na yarda, Baba. Wallahi tallahi na yarda. Ka yafe mini."

Sai ya ɗago kai ya kira sunana. Sunana na yanka, sunan mahaifiyarsa, wanda ban taɓa ji a bakinsa ba tun da aka haife ni. Ya faɗe shi sarai, kamar yadda ake kiran mai jiran layi a gidan likita. Ya nuna gafakar da ke rataye a bango.

"Basillar tana ciki, in kina son ki gwada. Sai dai yanzu ban san inda za ki soka ba."

Ya juya ya ci gaba da kallon tabarma. Na daɗe a durƙushe, sannan na tashi na ɗebo masa ruwan maganinsa.

Shekara biyu ya ƙara a duniya, kuma da sunan nan ya ci gaba da kirana har ya rasu.